Linux Mint ko Ubuntu: wacce za ka ɗora wa tsohuwar kwamfutarka daga filash?

Wata Asabar cikin sanyin Disamba 'yar yayata ta yi sallama a ƙofar shagona, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa. Tana aji uku a Jami'ar Jos. Kwamfutar HP EliteBook 840 G3 ce ta hannu, mahaifinta ya saya mata a titin Ahmadu Bello tun tana shekarar farko. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ta ce, "Kawu, kullum sai ta rubuto mini wai Windows 10 ta daina samun kariya, kuma wai ita ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Wani ɗan ajinmu ya ce in sa Ubuntu, wata ƙawata kuma ta ce Mint ta fi. Ni dai kar takarduna su salwanta."

Saƙon da kwamfutar take nuna mata gaskiya ne. Kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da wata ƙofar ƙarin shekara ɗaya da ya bari ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Tata zubi na shida ce. Lafiyarta ƙalau, allonta garau, batirinta yana kai awa uku, amma a wajen Microsoft ta tsufa. Irin waɗannan kwamfutoci su ne suka cika hannun ɗalibai da malamai da masu shaguna daga Farin Gada har Bukuru, kuma raina yana ɓaci in ga ana shirin jingine na'ura mai rai saboda wani ya ja layi a takarda.

Amsar da na ba ta ita ce Mint, kuma ita nake ba mafi yawan masu zuwa da irin wannan tambaya. Amma ba kowa ba. Ga dalilaina, ka auna da naka halin.

Da farko ka san cewa su biyun 'yan gida ɗaya ne. Tushensu Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows take yi, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka bar ta a buɗe kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. A kan Linux aka gina Debian a 1993. A kan Debian kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu, ta fito a Oktoban 2004, sunan ma daga harsunan Zulu da Kosa ne, yana nufin mutuntaka. Sai a 2006 wani Bafaranshe mai suna Clément Lefebvre ya ɗauki Ubuntu ya gina Mint a kanta. Wato Mint 'yar Ubuntu ce. Jerin Mint 22, wanda ya fara fitowa a Yulin 2024, a kan Ubuntu 24.04 yake zaune, kuma dukansu za su ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. In ka leƙa can ƙasa, inji ɗaya ne. Duk firintar da ta yi aiki da ɗaya, galibi za ta yi da ɗayar. Bambancin yana wajen abin da idonka zai gani, abin da aljihunka zai biya na data, da yawan hidimar da za ka yi bayan ka gama ɗorawa.

Bari in fara da data, don ita ce ta fi cizo a nan. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 da za ka sauke ya kusa giga 6. Na Mint bai kai giga 3 ba. Wanda yake zaune a ofis mai intanet kyauta ba zai ga abin magana a nan ba, amma mai jiran datar dare, yana haɗa kwamfuta da wayarsa, sabis yana zuwa yana tafiya, ya san rabin nauyi ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma maganar ba ta ƙare ranar saukewa ba. Ubuntu tana kawo wasu manhajojinta, har da Firefox, cikin wani ƙunshi da ake kira snap. Shi snap da kansa yake sabunta kansa, yana leƙawa sau huɗu a rana ko akwai sabon abu, in ya samu ya sauke ba tare da ya tambaye ka ba. Ta fuskar tsaro wannan dabara ce mai kyau. Ta fuskar mai giga biyu da zai lallaɓa har ƙarshen mako, sai ya wayi gari ya ga data ta tafi bai san ina ta bi ba. Ana iya dakatar da shi, akwai umarnin da ake rubutawa don ya tsaya in layin na awo ne, amma sabon shiga bai san da wannan ba sai ya ƙone. Mint ta rufe ƙofar snap tun 2020. Nata tsarin shi ne wata 'yar garkuwa a ƙasan allo ta nuna maka akwai sabuntawa, ta jera maka su da girman kowanne, kai ne za ka ce yanzu ko sai dare. Ba ina cewa ka bar sabuntawa ta taru wata da watanni ba, yin haka ya mayar da kai inda ka gudo. Ina cewa ne linzamin yana hannunka.

Mint ma tana da nata ramin data, kar in ɓoye. A shagon manhajojinta za ka ga wasu iri biyu: na ainihin tsarin, da wanda ake kira Flatpak. Na Flatpak yakan fi sabunta, amma karon farko yakan jawo ɗaruruwan mega na kayan da zai tsaya a kansu. 'Yar manhajar da ka zata ba ta wuce mega 30 ba sai ta zama babban kaya. Shagon yana rubuta girman kafin ka danna, ka saba karantawa.

Sai fuska. Wanda ya shekara goma yana Windows, in ya kunna Mint mai fuskar Cinnamon, hannunsa zai tafi inda ya saba: maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo da alamar batir a dama, tagogin da ya buɗe jere a tsakani. Ubuntu tana amfani da fuskar GNOME, da sandar gumaka a gefen hagu, agogo a tsakiyar sama, manhajoji kuma suna bajewa su cika allo kamar na wayar hannu. Kyakkyawa ce, kuma wanda ya saba da ita ba ya son barinta, musamman mai allon da ake taɓawa da yatsa. Amma na zaunar da dattawa da yawa gaban duka biyun. A gaban Mint minti biyar sun fara buɗe takardunsu. A gaban Ubuntu tambayar farko takan zama, "To ina abin nan na ƙasa ya tafi?" Sabo ne kawai, mako guda ya ishe shi, sai dai mutumin da yake tsoron canjin tun asali, makon farkon nan ne yake yanke hukuncin zai zauna ko zai koma.

Nauyi kuma fa? Masu Ubuntu sun ce 24.04 tana buƙatar ram, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 4 da wurin ajiya giga 25. Masu Mint sun ce ram giga 2 zai tashe ta, amma 4 ne za a ji daɗi, da wurin ajiya giga 20 a ƙalla. A aikace, in ram ɗinka giga 8 ne, kamar na 'yar yayata, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba za ka ji wani bambanci ba. In giga 4 ne, Ubuntu za ta tashi, amma da ka buɗe shafuka shida a intanet da takarda ɗaya za ka ji tana nishi. A nan Mint ta fi sakewa, kuma tana da ƙanne biyu marasa nauyi, MATE da Xfce. Ga kwamfutar da ta haura shekara goma, Xfce nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Gidan Ubuntu ma akwai marasa nauyi, Xubuntu da Lubuntu. Abu ɗaya ya haɗa su duka: sai ƙwaƙwalwa mai bit 64. Tsohuwar da ta tsaya a bit 32 ba ta cikin wannan zance, sai dai a nema mata irin su antiX.

Wata magana a gefe, tunda an zo wajen. In har kwamfutarka tana kan tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda kake jin ƙararsa in ka kara kunne, sauya shi da SSD, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, zai ba ta saurin da babu wata manhaja da za ta ba ta. Kuma akwai riba ta biyu: ka cire tsohon faifan da Windows da takardunka a ciki ka adana a aljihun tebur, ka ɗora Linux a sabon. In abin bai karɓe ka ba, sukurori kaɗan ne tsakaninka da komawa gidan jiya.

Abin da ya fi sa ni karkata ga Mint shi ne abin da za ka tarar a ciki ranar farko, ko da babu intanet. LibreOffice tana nan, wato madadin Word da Excel da PowerPoint. A Ubuntu 24.04, in ka bi zaɓin da aka riga aka saita maka wajen ɗorawa, abin shiga intanet da 'yan kayan aiki kawai za ka samu. Manhajar ofis sai ka zaɓi cikakken zubi da kanka, kuma mutane da yawa suna wuce shafin ba su lura ba, sai daga baya su sake kashe data. Mint tana kuma da wata manhaja mai kula da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki, wadda ta sha fitar da ni kunya. Wasu tsofaffin HP da Dell suna zuwa da katin waifai na Broadcom, wanda ba ya aiki sai an sa masa direba na musamman. Ka ga matsalar: kana buƙatar intanet don sauke direba, kana buƙatar direba don samun intanet. A Mint sai ka mayar da filash ɗin da ka yi ɗorawar da shi, manhajar ta ɗauko direban daga ciki. In hakan bai yiwu ba, a kowaccensu, haɗa wayarka da igiyar caji ka kunna raba intanet ta igiya, nan take za ta gane.

Sai Timeshift, wadda Mint take nuna maka tun a allon maraba. Aikinta ɗaukar hoton tsarin kwamfutar lokaci zuwa lokaci, in wani abu ya lalace ka koma yadda take jiya ko makon jiya. A garin da ake iya ɗauke wuta kana tsakiyar sabuntawa, batirin kuma ya riga ya gaji, wannan ba ado ba ne. Ka dai riƙe cewa tsarin take karewa, ba takardunka da hotunanka ba, waɗannan kai ne za ka kwafe su wani wuri. Ana iya sa Timeshift a Ubuntu ma, sai dai sai wanda ya san da ita.

To ina Ubuntu ta yi gaba? A wurare na gaske, kuma ba na raina su. Bayanta akwai kamfani mai ma'aikata, ranakun fitowarta a tsare suke: sabuwa duk Afrilu da Oktoba, mai dogon zango kuma sau ɗaya a shekara biyu, da tallafin shekara biyar. Wanda ya yi rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mutum a kan kwamfutoci har biyar, tallafin tsaronsa yana kai shekara goma. Mint ƙaramar tawaga ce da ke rayuwa da gudummawar masu amfani da ita da masu ɗaukar nauyi, kuma takan fito ne in ta shirya. Abu na biyu ya fi wannan nauyi ga matasa. In kana koyon rubuta manhaja, ko kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet, ko kana fatan aikin nesa da wani kamfani a Abuja ko Legas ko waje, sunan Ubuntu za ka yi ta cin karo da shi. Darussa da yawa da ita aka rubuta su, kamfanoni da yawa ita suke ambata in sun ce manhajarsu tana aiki a Linux. Kusan duk umarnin yana aiki a Mint, tunda jini ɗaya ne, amma wani lokaci za ka tarar da darasin da ya ce ka sa abu ta snap, ko wata manhaja da ta duba sunan tsarin ta ga ba ta san shi ba. Gwani zai gyara cikin minti biyu. Mai koyo yana iya kwana a kai. Saboda haka ɗalibin kimiyyar kwamfuta mai ram giga 8 da hanyar samun intanet mai arha, ina ce masa ya ɗauki Ubuntu ya saba da ita tun yanzu.

Yanzu filash. Na Mint giga 4 ya isa, na Ubuntu sai 8 zuwa sama. Duk abin da ke cikinsa zai goge, ka kwashe tukuna. Ka kuma yi hattara da jabu, don sun yi yawa a kasuwa: a jiki an rubuta giga 32 ko 64, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Irin wannan yakan karɓi fayil kamar lafiya, sai ana tsakiyar ɗorawa ya tsaya da saƙon kuskure, mutum ya ɗora wa Linux laifi. Na taɓa ɓata yini guda a kan wata Dell saboda filash da na saya a hannun wani mai tebur, sai da na canza shi komai ya tafi daidai.

Ba kwafa fayil ɗin kawai ake yi a jefa cikin filash ba, sai an rubuta shi ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Kayan aiki uku ne suka fi yawo. Rufus ƙarama ce ƙwarai, 'yan mega kaɗan, a Windows kaɗai take aiki, kuma tana da wurin gwada filash ko jabu ne. Tana tambayar tsarin raba faifai, GPT ko MBR: kwamfutar da aka yi daga wajajen 2012 zuwa yau GPT, wadda ta girmi haka MBR. Ita balenaEtcher ba ta tambayar komai, zaɓi fayil, zaɓi filash, danna, amma ta fi Rufus nauyin saukewa nesa ba kusa ba, kuma bayan ta gama Windows takan ce ba ta gane filash ɗin ba, ta nemi ka goge shi. Kar ka yarda, lafiyarsa lau. Ta uku Ventoy, wadda ta fito a 2020. Sau ɗaya ake sa ta a filash, daga nan sai ka riƙa jefa fayilolin manhajoji a ciki kamar yadda kake jefa waƙa ko hoto, in ka tashi kwamfuta ta jero maka su ka zaɓa. Ga mai shago irina babu kamarta, kuma ga wanda yake son gwada Mint da Ubuntu gefe da gefe kafin ya yanke shawara, filash mai giga 16 da Ventoy ya gama masa komai. Matsalarta ɗaya, a kwamfutar da aka kunna wa tsaron tashi, wato Secure Boot, karon farko takan nuna wani shuɗin allo tana neman ka amince da makullinta, abin da kan firgita sabon shiga. Mai yi sau ɗaya don kwamfutarsa kaɗai, Rufus ta ishe shi.

Ka sauke fayil ɗin daga shafin masu shi, ba daga wani mahaɗi da aka turo a zauren WhatsApp ba. Kuma ka gwada lambar tantancewarsa, wadda ake kira SHA256, da wadda suka wallafa. Rufus tana da ɗan maɓalli kusa da sunan fayil da zai lissafa maka ita. Dalili biyu ne. Na ɗaya, saukewar da ta yanke ta ci gaba sau biyar tana iya zuwa da rauni. Na biyu, a Fabrairun 2016 ɓarayin intanet sun kutsa shafin Mint na ɗan lokaci suka karkatar da mutane zuwa gurɓataccen fayil. An gano da wuri an gyara, amma darasin ya zauna. In kuma abokinka ya riga ya sauke, karɓa a wajensa halal ne, lasisin ma ya yarda a raba, lambar dai za ka duba.

Da filash ya haɗu, kashe kwamfutar, soka shi, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da mafi yawan Lenovo, Esc a yawancin Asus. Zaɓi filash. Abin da zai biyo baya shi ne abin da na fi ƙauna a wannan harka. Duka biyun suna tashi cikakku daga filash ba tare da sun taɓa faifanka ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan gwajin kyauta ne. Kar ka yi gaggawar danna alamar ɗorawa. Haɗa waifai. Kunna sauti, soka abin kunne. Buɗe kyamara. Rage hasken allo ka ƙara. Soka firintarka ka buga shafi ɗaya. Buɗe takardarka mafi muhimmanci ka ga yadda ta zauna. In kana rubutu da Hausa, shiga saitin allon rubutu, a jerin akwai Hausa ta Najeriya da ta Gana, ka gwada ka ga inda ƙ da ɗ da ɓ suke. Za ka ji tana ɗan jan ƙafa, wannan daga filash ne, ba haka za ta kasance a faifai ba.

A wannan gwaji ne wasu suke gane cewa amsarsu ba Mint ba ce, ba kuma Ubuntu ba. Maƙwabcina mai shagon buga takardu da katin biki ya leƙo ranar, ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, ni ma a sa mini wannan mana, na gaji da bairos." Na ce, "Alhaji, da me kake zana katunanka?" Ya ce CorelDRAW. Na ce to a dakata. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office ta kan tebur ba su da zubin Linux. Akwai madadi, Inkscape da GIMP, kuma suna aiki, amma mutumin da abincinsa yake kan fayilolin Corel na shekara goma, kwastomomi kuma suna kawo masa irinsu kullum, ba zan ce ya rushe shagonsa don ya burge ni ba. Chrome, Firefox, Zoom, Telegram, VLC duk suna nan. WhatsApp ta shafin intanet ake shiga. Mai rubuta kundin kammala karatu kuma ya sani LibreOffice tana buɗe fayilolin Word tana adana su, amma wani lokaci jadawali ko lambar shafi kan ɗan gusa. Maganinsa ka sa haruffan Microsoft, irin su Times New Roman, daga shagon manhajoji, kuma duk abin da za ka kai wurin bugawa ka mai da shi PDF tukuna.

Sauran shawara ɗaya: ka goge Windows gaba ɗaya, ko ka zaunar da su tare? Mint da Ubuntu duka suna ba ka zaɓin ɗorawa kusa da Windows, ta yadda duk kunnawa za a tambaye ka wacce kake so. Ga mai manhaja ɗaya tak da ta ɗaure shi da Windows, wannan mafita ce. Amma tana da sharuɗɗa. In faifan yana kulle da BitLocker, nemo makullin ceto ka rubuta a takarda, sannan ka kashe kullen kafin ka fara. Kashe saurin tashi na Windows, don yana barin faifan a rabin barci. In mai ɗorawa ya ce bai ga faifai ba, galibi saitin Intel RST ne a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai an mai da shi AHCI, kuma yin hakan kai tsaye yana iya hana Windows tashi, a nan gara ka nemi wanda ya taɓa yi. Akwai kuma wani ƙaramin abu mai ruɗa mutane: bayan ka fito daga Linux ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma muna gaban lokacin duniya da awa ɗaya. Layi ɗaya na umarni yake gyara shi. In faifanka giga 128 ne, raba shi biyu zai bar kowacce cikin ƙunci, gara ka zaɓi ɗaya. Kowace hanya ka bi, kwafe takardunka zuwa wani wuri daban kafin komai, ka kuma buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa. Zaɓin goge faifai yana nufin abin da ya ce, babu kiranye.

Ɗorawar kanta ba ta da wani labari. Harshe, allon rubutu, alamar amincewa da kayan kunna bidiyo da sauti, Legas a taswirar lokaci, suna da kalmar sirri. Kalmar nan kar ka manta ta, da ita za ka riƙa amincewa da duk wani sabon abu da zai shiga tsarin. A kan SSD abin bai cika wuce minti ashirin ba. Ka dai fara da cikakken caji, ko lokacin da ka tabbata janareto zai kai ka, don yankewar wuta ana tsakiyar raba faifai ita ce haɗarin da ya fi kowanne.

'Yar yayata harkar lissafin kuɗi take karanta, aikinta takardu ne da jadawali da binciken intanet, datarta kuma daga kuɗin abincinta take fita. Mun kwafe komai nata zuwa faifan waje, ta buɗe manyan fayilolinta uku a gwajin filash ta ga sun zauna daidai, sannan ta ce a goge. Mint mai Cinnamon muka sa. Kafin la'asar mun kunna Timeshift, mun sa Times New Roman, mun jera sabuntawar farko ta jira dare. Da za ta tafi na miƙa mata filash ɗin na ce ta ajiye, in wata ƙawarta ta zo da irin wannan matsala su fara gwadawa a kansa. Ta juya shi a hannu ta ce, "Kawu, F9 ko?" Na ce F9, in HP ce.